Wa Ya Ce Zanen Bango Baƙo Ne a Ƙasar Hausa?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin dattawan unguwa da ma'aikatan tsara birane, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja: wai zane a bangon titi ɓata gari ne, aikin zauna-gari-banza ne, kwaikwayon Turawa ne da yara suka tsinta a waya. A wurin masu wannan ra'ayi, gari mai tsabta shi ne wanda katangunsa suka sha shafen siminti, in da hali a watsa musu fenti ruwan madara ko ruwan toka, shi ke nan. Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan. Ina ma ganin tana cikin abubuwan da suka jawo wa unguwanninmu munin da suke ciki yau.

A fara da abin da ido ke gani. Duk wanda ya bi ta gefen doguwar katangar wata makarantar firamare a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san babu wani farin bango a wurin. Fastocin 'yan takara ne wani kan wani, an liƙa su da sitaci cikin dare. Ruwan damina ya jiƙa su, rana ta ƙona su, sun yayyage suna reto, rabin fuskar wanda ya nemi kujera a 2019 na leƙowa ta ƙarƙashin hular wanda ya nema a 2023. A gefe ga lambobin waya da baƙin fenti: maganin basir, maganin sanyi, masu haƙa rijiyar burtsatse, masu yasar masai. Can ƙasa kuma wani maƙwabci da abin ya ishe shi ya rubuta da gawayi cewa Allah ya isa ga duk wanda ya ƙara yin fitsari a nan. Ba a taɓa kiran mai maganin basir ɗan iska don ya rubuta lambarsa ba, ba a taɓa cewa ɗan takara ya ɓata gari ba. Amma yaro ya zo da buroshi da gwangwanin fenti ya ce zai ƙawata wannan katanga, nan take za a tuna da tarbiyya da al'ada.

To, al'adar wa? Nan ne maganar ta fi ba ni takaici, domin Bahaushe na cikin mutanen da suka fi kowa iya ƙawata bango a Afirka ta Yamma. Magini ba ya ganin ya gama gida don ya jera tubali ya ɗora azara ya fitar da indararo. Sai ya tsayar da zankwaye a saman soro, sannan ya fuskanci ƙofar zaure. Yana yaɓa ƙasa mai kauri, tun tana ɗanya ya shiga fitar da zane da yatsa da 'yar wuƙa, ba takarda ba awo, daga sama yana gangarowa, layi na shiga ƙarƙashin layi yana ɓullowa ta wancan gefe har dagi ya haɗu ba a gane inda ya fara. In ya bushe a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don kada ruwa ya ci shi. Dubi yadda sana'a uku suka haɗu a bango ɗaya: marini ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, magini ya ba da hannu. Sana'ar tana da sarautarta, Sarkin Magina, tana da gwanayenta da aka san su da suna. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, har yau ɗaliban zanen gine-gine na karanta aikinsa, kuma an kwaikwayi ginin nasa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos don kada fasalinsa ya ɓace.

Kada kuma a ce ai wannan adon fada ne da masallaci. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga da fatauci suka shiga hannun mutane, attajirai da masu rufin asiri a Zariya da Kano sun riƙa gasar ƙawata fuskar gidajensu, wadda ke kallon titi, wadda kowa zai gani. Magina ba su tsaya kan dagi da takobi ba. Sun zana keke, sun zana mota da agogo da jirgin sama, wato abubuwan da suka shigo rayuwar mutane a lokacin. Da siminti ya zo ma ba su ajiye sana'ar ba, sai suka koma tsaga zanen a jikinsa suna cike shi da fenti kala-kala. A unguwar Birni ta Damagaram har yanzu akwai irin waɗannan gidaje a tsaye. Tsohon garin Agadas, da gine-ginensa na ƙasa, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. Dagin nan da ya zama tambarin Arewa tun zamanin Sardauna, wanda muke sawa a hula da takardar gayyata, a jikin bango da wuyan riga ya girma. Saboda haka wanda ya shigo daga baya shi ne bangon bulo tsirara mai fasassun kwalabe a kai, ba zane ba.

Sai maganar addini, wadda ita ce ake jawowa in sauran hujjoji sun ƙare. Ban zo yin fatawa ba, kuma na san malamai sun yi dogon bayani a kan surar abu mai rai. Amma maginan da suka yi wancan aiki Musulmi ne, a garuruwan malamai suka yi shi, sarakunan da suka gāji jihadi ne suka sa su. Galibin abin da suka zana ƙulli ne da layi da ganye da kayan amfani, babu fuskar kowa. Wanda surar mutum ta dama da gaske, to ya fara da fastocin da suka rufe katangar maƙabarta da ta makarantar Islamiyya, domin a nan fuskokin suke.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci: ana ta kai, wa ke ta kaya? Mutumin da bai san abin da za a ɗora a murhu da daddare ba, ina ruwansa da launin katanga? Wannan tambaya ce ta gaskiya, sai dai talakan da ake magana da yawunsa bai taɓa yarda da ita ba. Direban gingimari na biyan mai zane ya cika masa bayan mota da dawisu da zaki da karin magana. Mai A Daidaita Sahu da bai gama biyan kuɗin kekensa ba yana ƙawata shi. Mai aski a bakin kasuwa yana sa a zana masa allo. Uwa na tara kwanuka da tasoshi shekara da shekaru don jeren ɗakin 'yarta ya yi kyau. Son kyau bai jira a ƙoshi. Masu kuɗi ne ma suka fi gudun ado a waje, suka kai shi cikin falo, suka bar wa jama'a doguwar katanga da waya mai ƙaya.

An gwada abin a wasu wurare, kuma ba sai an je nesa ba. A Dakar, birnin da galibin mutanensa Musulmi ne, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 matasa suka tashi da wani yunƙuri da ake kira Set Setal, bayan sun gaji da shara da sakacin hukuma. Suka kwashe juji, suka share kwatoci, suka zana katangun unguwanninsu da tarihinsu da shehunansu da saƙonnin kiwon lafiya. Sharar da zanen tafiya ɗaya suka yi, domin wanda ya ɓata kwanaki yana ƙawata lungu ba zai zuba ido a mayar da shi bola ba. A birnin Filadelfiya na Amurka kuwa, a 1984 magajin gari Wilson Goode ya kafa wani shiri don yaƙi da masu ɓata bango da rubutu. Wata mai zane, Jane Golden, ta jawo yaran da ake farauta ta ba su aiki. Daga nan shirin ya rikiɗe ya zama na ƙawata bango, har ya samar wa birnin zanen bango sama da 4,000.

Ba ina cewa duk wanda ya shafa fenti a bango gwani ba ne. Yaran da ke rubuta sunan dabarsu a katangar mutane don tsoratar da 'yan wata unguwa ɓarna suke yi, kuma ba wanda ke da ikon taɓa bangon wani ba da izininsa ba. Haka nan ina tsoron ranar da gwamnatoci za su karɓi wannan magana ta hanyar da suka saba, a ba da kwangilar miliyoyi a zana fuskar gwamna a ƙafar gadar sama da launin jam'iyya, wani ya hau ya goge ya sa tasa. Wannan fasta ce kawai da ta fi tsada. Ba na kuma son a kwaso salon rubutun titunan New York a liƙa a Fagge ko Tudun Wada, alhali muna da namu hannun da ba mu gama koyo ba.

Abin da nake nema ƙarami ne, kuma yana hannun unguwa. Mai unguwa da shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen yara su zauna su zaɓi katanga ɗaya. A nemo tsohon magini in akwai wanda ya rage, domin suna ƙarewa, kuma kowace damina tana tafiya da wani soro da ba wanda ya ɗauki hotonsa. A haɗa shi da masu zanen allon shago da na bayan mota, waɗanda ke zaune a bakin titi suna jiran aiki, da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda tun 1958, lokacin wurin yana kwaleji, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a kan cewa mai zane ya fara da abin da ya gāda a gida. Mutanen unguwa su faɗi abin da suke son gani: marinar da kakanninsu suka yi, kasuwar da aka tasa, sunayen ƙofofin gari, jadawalin rigakafin yara in sun ga dama. A biya masu aikin haƙƙinsu kamar yadda ake biyan birkila, kada a ce su yi don Allah. Kuɗin fenti kuma a nema a wurin da ya dace: duk ɗan takarar da aka samu fastarsa a katangar makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ƙaramar hukuma ta ci shi tara, a kankare takardunsa da kuɗinsa, ragowar a sayi fenti a miƙa wa masu zane.