Ra'ayinmu: Kuntunse ba ta da nisa da Nima

Duk ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Accra zuwa Kumasi ko iyakar Paga, ta kusa da Kuntunse yake bi a hanyar Nsawam. A can akwai wani ƙaton faranti mai faɗin mita 32. Da can na sadarwa ne, aka daina amfani da shi, sai injiniyoyin Ghana da na Afirka ta Kudu suka gyara shi ya koma na'urar sauraron taurari. Shugaba Akufo-Addo ne ya ƙaddamar da shi a watan Agustan 2017.

Cikin abubuwan da farantin ke kamawa akwai siginar rediyo daga iskar methanol da ke kewaye da manyan taurari sabbin haihuwa. Tauraro yana samuwa ne idan gajimaren iska da ƙura ya dunƙule. Sauran kayan sai su yi ta kewaya shi kamar faifai, kuma gudun juyawar ne ke hana su faɗawa ciki. Ƙarfin maganaɗisu shi ke taka musu birki: yana rage gudun har tauraron ya samu abin ci ya girma, yana kuma feso wani ɓangare waje. A 1991 masana biyu, Balbus da Hawley, suka nuna yadda ko maganaɗisu mai rauni ke hargitsa faifan. Daga ragowar irin wannan faifai duniyarmu ta samu, kuma irin siginar nan na cikin hanyoyin da masana ke auna maganaɗisun.

Abin tambaya shi ne, yaran Nima da Maamobi nawa ne suka taɓa ganin wurin? Matasanmu da ke gyaran wayar salula a bakin titi suna da basirar da aikin ke bukata, lissafi da physics ne suka rage musu, kuma sau da yawa rashin kuɗin makaranta ne sanadi.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango su nemi izinin hukumar GSSTI mai kula da wurin, su ɗauki hayar mota su kai ɗaliban makarantun boko da na Islamiyya. Asusun Raya Zango, wanda aka yi dokarsa a 2017, shi ma ya ware tallafi ga masu karatun kimiyya. Idan muka yi sake, 'ya'yan wasu ne za su riƙe farantin, namu kuwa su ci gaba da wuce shi a bayan motar kaya.