Maganin zazzaɓin cizon sauro: Abin da haske zai iya, da abin da ya rage wa gwamnati

Da zarar damina ta kankama, asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda likitocin MSF ke aiki, kan cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro. Daga Kurya Madaro zuwa Ƙauran Namoda, maganin da ake dogaro da shi ɗaya ne: haɗin da ke ɗauke da sinadarin atemisinin, wanda masaniyar China Tu Youyou ta gano a 1972 cikin wani ganye dangin tazargade. Har yau yawancinsa daga gonakin ƙetare yake fitowa, farashinsa na hawa da sauka gwargwadon girbi.

Masana kimiyyar sinadarai sun nemi mafita a wurin haske. A 2013 kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio da ke Italiya, inda ake haska fitila kan wani sinadari da yis ya samar, har ya rikiɗe ya zama atemisinin. Hasken ba ya aiki shi kaɗai, sai an zuba wani sinadari mai kama shi. A sauran haɗe-haɗe irin wannan, ƙarafa masu tsada kamar iridiyam ake sawa.

Nan ne wani sabon reshen bincike ya shigo. Akwai haɗin da abin da aka samar shi da kansa ke kama haske, ya taimaka a samar da wani irinsa. Aikin kan fara a hankali, sannan ya yi ta ƙara sauri, kamar yadda ɗan tsohon nono ke tsinka ƙwaryar madara. Ribar ita ce rage dogaro da ƙarfen da Najeriya ba ta da shi.

Sai dai Garessio ta bar darasi. Da atemisinin na gona ya yi araha, Sanofi ya sayar da masana'antar ga Huvepharma a 2016. Kasuwa ce ta kayar da ita.

Najeriya na ɗauke da kusan rubu'in masu wannan cuta a duniya, ga shi Amurka ta zaftare tallafin lafiya a 2025. Shugaba Tinubu ya janye harajin shigo da kayan haɗa magunguna a 2024, kamfanin Emzor kuma ya kafa aikin sarrafa sinadaran maganin zazzaɓi a Shagamu. Abin da matasa za su tambayi wakilansu shi ne: wa zai yi alƙawarin sayen maganin gida na tsawon shekaru, kuma nawa aka ware wa ɗakunan gwaji na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda?