Kare Ma An Kai Shi Asibiti

Kun sha dariya da na ce karen maƙwabciyata a nan Ingila yana da farfaɗiya. Wallahi ni abin kuka ya ba ni. Da ya faɗi yana kumfar baki, ta kai shi wurin likitan dabbobi, aka auna jininsa, aka ɗora shi kan phenobarbital safe da yamma. Wata 6 ke nan bai sake faɗuwa ba.

Maganin nan mutane ma suna sha, kuma ga araha. Amma autarmu fa? Mun cire ta daga makaranta, mun ware mata kwano, wai yawunta na yaɗa cutar. Ba gaskiya ba ne, ba a ɗaukar farfaɗiya. Yaya, don Allah a kai ta asibiti. Kare bai fi ta daraja ba.