Duba Shekara Kafin Kafa Hujja

Duk malamin da ya taɓa duba kundayen binciken ɗaliban Hausa ya san cewa babin bitar ayyukan da suka gabata shi ne mai ciwon kai. A nan ne ɗalibi yakan jero sunayen masana da shekaru kamar mai ƙirga buhunan hatsi, ba tare da ya tambayi kansa yaushe aka yi maganar ba, balle abin da aka gano bayanta.

Batun dangin harshen Hausa ya isa misali. A shekarar 1912, Bajamushen nan Carl Meinhof ya sanya Hausa cikin rukunin da ya danganta da zuriyar Hamu, tare da Fulatanci da harshen Masai. Ya dogara ƙwarai da samuwar jinsi a nahawu, sannan ya cakuɗa nazarin harshe da ra'ayoyin launin fata na zamaninsa. Joseph Greenberg ya rushe wannan rabo ta hanyar kwatanta kalmomi da ƙirarsu, kuma a littafinsa na 1963 ya ajiye Hausa a reshen Cadi na dangin Afro-Asiya, ya mayar da Fulatanci dangin Neja-Kwango. A 1977 kuma Paul Newman ya kasa harsunan Cadi gida huɗu, Hausa tana cikin na yamma. Amma har yanzu akan ci karo da kundin da ya kawo ra'ayin Meinhof da na Greenberg a sakin layi ɗaya, kamar dai masanan biyu sun yi ittifaƙi. Da ɗalibin ya lura da tazarar shekara 51 da ke tsakanin littattafan, da ya fahimci cewa na biyun martani ne ga na farkon.

Wannan ba ya nufin tsohon littafi ya tashi daga aiki. Ƙamusun Bargery na 1934 har gobe rumbu ne ga mai neman tsofaffin kalmomi da bambancin karin harshe. Sai dai wanda ya je cikinsa neman Hausar rediyo ta yau ya yi ɓatan kai.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi wannan muni, wato ambaton littafin da ba a taɓa buɗewa ba. Ɗalibi yakan tsinci sunan Bargery a kundin wani, shi ma wancan daga wani ya kwafo, har kuskuren lambar shafi ya riƙa bin kundaye kamar gado. Gyaran ba shi da wuya: in ba a ga asalin ba, sai a rubuta cewa wane ne ya ruwaito daga wane, a kuma sanya littafin da aka karanta da ido cikin manazarta. Wasu ɗalibai na ganin yin haka zai rage wa aikinsu kwarjini. Alhali mai jarrabawa yakan gano ne da tambaya ɗaya tak: a wane ɗakin karatu aka samu littafin?