Ba Mu Da Teku, Amma Muna Da Tiga



Dogon hutunmu kullum a tsakiyar damina yake faɗowa. Wasunmu suna ƙorafi wai yaran Legas suna zuwa bakin teku, mu kuwa sai taɓo da sauro. Mu ba mu yarda cewa hutunmu na banza ba ne. Abin da ke damun mu shi ne, idan yaro ya rasa abin yi, rafi yake tafiya.

Bara ƙanin wani ɗan ajinmu ya faɗa ramin da aka haƙi ƙasar bulo. Ba don wani manomi yana kusa ba, da yanzu labari ya sha bamban. Rafin da muke tsallakewa da ƙafa a rani, a watan Agusta yana iya tafiya da babban mutum. Kududdufi kuma yana sa tsargiya, wato fitsarin jini. Masu cewa "ai na iya ruwa" su sani, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To me za mu yi? Da safe mu bi iyayenmu gona, mu taya su cire ciyawa da zuba wa masara taki. Idan hadari ya haɗu mu koma gida, kada mu fake a gindin bishiya saboda tsawa. A zaure akwai dara, a ɗaki akwai carafke. Mu gasa masara, mu roƙi kakanninmu su yi mana tatsuniya, mu rubuta ta a littafi. Duk wanda ya kawo tasa bayan hutu, za mu liƙa ta a wannan allo.

Ranar da gari ya washe, muna da wurin zuwa. Dam ɗin Tiga yana nan a Bebeji. An gina shi zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, kuma da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura. Mutane suna tasowa daga birnin Kano don su gan shi, amma da yawanmu ba mu taɓa zuwa ba. Mu je tare da babba, mu tsaya nesa da bakin ruwa, mu tambayi masunta yadda suke kama tarwaɗa da karfasa. 'Yan Doguwa kuma suna da duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Muna roƙon malamanmu su shirya mana ziyarar Tiga ko da sau ɗaya ne a shekara. Mu kuma yayye mu sa ido a kan ƙannenmu. Muna so ranar da aka koma makaranta, duk sunan da aka kira a rajista a ji mai shi ya amsa.

Allah ya kai mu lafiya.