An Raba Inji, Ba A Raba Filaya Ba

A fadamun Jega da Aliero da Maiyama, da wuya a ga manomin rani wanda babu 'yar wuƙa a aljihunsa. Da ita yake yanke ganyen albasa ranar cira, da ita yake datse igiyar buhu, ya fiƙe turke, ya fere rake idan ƙishi ya dame shi. Duk wannan aikinta ne, kuma tana yinsa yadda ya kamata. Ɓarna tana farawa ne a lokacin da injin ban-ruwa ya yi tari ya mutu da hantsi, ruwa bai kai rabin gona ba, makaniki kuma yana can cikin gari. A nan ne wuƙa take zama sukudireba, ta zama abin ɓamɓare murfi, haƙori kuma ya zama filaya.

Wannan ɗabi'a ta daɗe har an daina ganin aibinta, wasu ma yabonta suke yi da sunan dabara. Alhali asara ce da ake biya da yatsu, da kan noti, da kwanakin ban-ruwa. Duk mutumin da abincinsa ya rataya a kan inji, manomi ne ko ɗan kabu-kabu ko mai injin niƙa, yana bukatar abu biyu a jikinsa: wuƙa don yanka, da ƙaramin kayan gyara mai naɗewa don ƙarfe da waya. Hukumomin da suka shekara talatin suna raba injuna ba tare da kula da wannan ba suna da kaso a laifin.

Yadda inji ya shigo fadama

Kakannin manoman yau da jigo da guga suka yi ban-ruwa. Jigo itace ne da igiya, don haka duk abin da ya lalace a jikinsa wuƙa da gatari sun ishe shi. Sauyi ya zo gadan-gadan a farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na farko, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injunan fetur a arewacin Najeriya. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi, injuna suka ƙara cika fadamu. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, sai hankali ya koma kan famfo mai aiki da hasken rana.

Kowane mataki ya ƙara wa gona ƙarfe da noti da waya, aljihun manomi kuwa yana nan kamar zamanin jigo. Ana taron raba injuna, a jera su a fili, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ba a taɓa jin an yi taron raba sifana ba, domin sifana ba ta da kyan hoto.

Abin takaicin shi ne, yawancin abin da ke tsayar da ƙaramin injin ban-ruwa bai kai a kira makaniki ba. Maɗaurin tiyo ya saki, inji yana shaƙar iska maimakon ruwa. Igiyar tayarwa ta tsinke. Datti ko ruwa a cikin fetur ya toshe kafireto. Fulogi ya yi baƙi. Matatar bakin tiyo ta cushe da yashi da ciyawa. Kowanne daga cikinsu gyaran mintuna ne ga mai kayan aiki, amma ga wanda wuƙa kaɗai gare shi zai iya cinye yini guda, da kuɗin kabu-kabu zuwa gari da dawowa. Albasa kuwa saiwarta gajera ce, ba ta jure ƙishi kamar dawa. Idan ta rasa ruwa lokacin da take ɗaura kai, a buhu ake ganin sakamakon.

Abin da wuƙa ke jawowa idan aka sa ta aikin da ba nata ba

Maƙeri yana gasa bakin wuƙa ya tsoma shi don ya yi tauri ya riƙe kaifi. Taurin nan shi ne ke sa ƙarfen ya ƙi murɗawa: da an cusa tsinin a kan noti an juya, ko ya ɓalle ko ya zame. Idan ya ɓalle, an yi asarar wuƙa. Idan ya zame, tafin hannun da ke riƙe da injin shi ne a gabansa, kuma wuƙa mai naɗewa tana iya rufewa a kan yatsun mai ita. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da masu ɗori, amma jijiyar yatsa da wuƙa ta tsinke ba aikin ɗori ba ne. Rauni a cikin laka da taki kuma ƙofa ce ga cutar tetanos.

Inji ma yana ɗanɗana kuɗarsa. Tsagar kan noti da wuƙa ta gurje ba ta sake karɓar sukudireba, sai makaniki ya sa kurfi da guduma, gyaran naira ɗari ya zama na dubbai. A famfon hasken rana abin ya fi haɗari. Feɗe waya da wuƙa yana yanke wasu daga siraran zaren jan-ƙarfen da ke ciki, mahaɗar da aka murɗa da yatsu kuma ba ta kamawa sosai. Tana ɗaukar zafi, tana cin wuta, wata rana ta ƙone na'urar da ta fi komai tsada a cikin kayan.

Mece ce filayar aljihu?

Hausa ba ta riga ta raɗa wa wannan abu tsayayyen suna ba, amma filayar aljihu ta fi dacewa da shi. Filaya ce wadda hannuwanta biyu suke naɗewa, a cikinsu an ɓoye sukudireba mai faɗi da mai gicciye, da magagari, da ɗan zarto, da basilla, wani lokaci har da almakashi da 'yar wuƙa. Idan aka naɗe ta ba ta wuce tsawon tafin hannu ba.

Asalinta ma daga matsala irin ta manomin Maiyama ya fito. A shekarar 1975 wani injiniya Ba'amurke, Tim Leatherman, ya yi doguwar tafiya a Turai da tsohuwar mota ƙirar Fiat wadda ke yawan lalacewa. Wuƙar aljihu ce kawai a hannunsa, kullum abin da yake nema filaya. Ya shafe shekara takwas yana fama kafin kamfaninsa ya fara sayar da ita a 1983. Tun kafin shi, wuƙar da aka fara ba sojojin Suwizalan a wajajen 1891 tana ɗauke da sukudireba, domin soja ya iya kwance bindigarsa ba tare da ya ɓata bakin wuƙar ba.

Sai dai filayar aljihu tana da iyaka, kuma mai sayarwar da ya ce tana yin komai yaudara yake yi. Ba ta kwance fulogi, wannan sai sifanarsa. Idan aka matsa wa noti mai tauri da ita, gefensa take cinyewa, don haka sifana mai lamba 10, wadda ta dace da yawancin notin ƙananan injuna, dole ta zauna a cikin buhun inji. Aikinta shi ne gyaran gaggawa: ɗaure tiyo, cizon waya, zaro tsinkakkiyar igiya, goge mahaɗar batir, matse birkin babur a kan hanyar Jega zuwa Koko.

Me ya sa ba za a ajiye wuƙa ba?

Akwai masu cewa tun da filayar tana da wuƙa a ciki, ɗaukar wata wuƙar nauyi ne kawai. Wanda ya taɓa yini yana yanke ganyen albasa ba zai faɗi haka ba. Wuƙar cikin filaya gajera ce, mariƙinta ƙarfe mai kusurwa wanda ke cin hannu, kuma galibi sai an sa hannu biyu kafin a buɗe ta. Ga kuma tsabta: ƙarfen da ya sha baƙin mai da fetur, ya buɗe galan ɗin maganin feshi, bai kamata ya taɓa mangwaro ko ƙosan rogo ba. Sannan ga yanka. Tunkiya tana iya faɗuwa a daji tana shure-shure, a bukaci wuƙa nan take, kuma shari'a ta umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba. Wuƙar da ta kwana tana kwance noti ba za ta cika wannan umarni ba. Ɗaukar filaya shi ne abin da zai bar wa wuƙar maƙeri kaifinta.

Hujjojin masu ƙi

Hujja ta farko ita ce wai wannan kayan gayu ne na 'yan boko da masu kallon YouTube. Tarihin Jega da kansa ya ƙaryata haka. A ƙarni na 19 garin babban zango ne a hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma matafiyin wancan zamani bai dogara da wuƙa kaɗai ba. Yana da wuƙa a kube, da ƙyastu na kunna wuta, da basilla ta ɗinke mangala, da matsefata ta cire ƙaya. Wanzami har gobe ba ya yin kowane aiki da aska ɗaya, shi ya sa yake rataye da zabira. Ƙayar wancan zamani ita ce notin yau.

Hujja ta biyu kuɗi, kuma tana da nauyi. Ta asali, irin ta Leatherman ko Victorinox, ta fi ƙarfin ƙaramin manomi a canjin yau, kasuwa kuma cike take da jabu masu ƙyalli waɗanda haƙoransu ke lanƙwashewa a cizon farko. Jabu ta fi babu haɗari, domin a tsakiyar aiki take karyewa. Amma gwajinta ba wuya: a haɗe bakin a ɗaga shi sama a ga ko haske yana ratsawa, a ciji ƙusa a ga wanda zai bar tabo a jikin ɗan'uwansa, a girgiza a ji ko mahaɗar tana rawa. Wanda bai sami mai kyau ba, filaya ta gama-gari da sukudireba mai kai biyu a cikin 'yar jakar fata da baduku ya ɗinka sun biya bukata, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin inji.

Hujja ta uku ita ce mafi tsanani, wato tsaro. Jihar da ta ga harin Lakurawa a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024 ba za a ce ta yi sakaci da binciken aljihu ba, kuma kowa ya san yadda ƙwacen waya da wuƙa ya addabi biranen Arewa. Amma dokar fashi da makami ta 1984 ta ɗora ma'anar makami a kan abin da aka ƙera ko aka gyara don cutar da mutum, ko wanda mai riƙe da shi ya yi niyyar cutarwa da shi. Filaya ba a ƙera ta don haka ba. Matsalar ita ce a shingen bincike fassarar tana hannun wanda ya tare hanya, shi ya sa manomi mai gaskiya kan gwammace ya bar kayan aikinsa a gida. Ingila, wadda ke fama da sukar wuƙa, ta shata layi tun 1988: wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci uku ba ana iya yawo da ita, wadda ta wuce haka sai da dalili. Ba dole a kwaikwayi ma'auninsu ba, amma 'yan sanda da 'yan banga da sarakunan yankin suna iya zama su fitar da ƙa'ida da kowa zai sani. Shi ma mai ɗauka akwai nasa haƙƙin: wuƙa ta zauna a naɗe ko a kube, kada ta je gangamin siyasa, ko makaranta, ko dandalin wasa.

Wa ke da alhakin gyara?

Duk hukuma ko ɗan siyasar da zai raba injin ban-ruwa ya haɗa da filaya da sukudireba da sifana biyu, a rubuta su a cikin kwangila, a ƙirga su a gaban jama'a kamar yadda ake ƙirga injunan. Malaman gona na KARDA su ware rabin yini a kowace gunduma kafin noman rani, su koya wa manoma wanke kafireto, da ɗaure tiyo, da cire haɗin faifan hasken rana kafin a taɓa waya. Makanikai ba za su rasa abinci ba, domin babban gyara yana nan yana jiransu. Su ma sun gaji da notin da aka kawo musu a gurje.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da ɗaliban injiniya, tana kuma da gonar bincike a Jega. Babu aikin kammala karatu da ya fi dacewa da su kamar su zauna da maƙeran yankin, waɗanda suka saba ƙera wuƙa daga sifirin mota, su fitar da ƙaramin kayan gyara da aka auna daidai da injunan da ke fadamun nan: filaya, sifanar fulogi, lamba 10 da sukudireba a kube ɗaya, a farashin da manomi zai iya biya ranar da ya sayar da buhun albasarsa na farko.