Aku ba ya cizo don mugunta

Yau zancen aku za mu yi, tsuntsun nan mai toka-toka da jan wutsiya da fatake ke kawowa daga kurmin Kamaru da Kwango. Sau da yawa mutum kan saye shi da kuɗi masu tsoka, su yi shekaru lami lafiya, sai wata rana tsuntsu ya juye: ihu tun asuba, cizon yara da uwargida, tsigar gashin jikinsa. Wasu su ce sammu ne, wasu su sa masa sanda. Rashin sani ya fi dare duhu, domin balaga ce ta zo.

Aku yana balaga tsakanin shekara 3 da 5. A daji miji ɗaya da mata ɗaya suke zama, su yi sheƙa cikin kogon itace, macen ta yi ƙwai 3 zuwa 5, ta kwanta kansu wajen kwana 30, namijin yana amayo mata abinci. Sinadaran jiki da likitoci ke kira ormon su ne ke tayar da wannan hali idan abinci ya yalwata kuma wurin sheƙa ya samu. To, a gida babu aboki, sai ya ɗauki mai ciyar da shi a matsayin abokin zama. In ka ga yana kaɗa kai yana amayo maka abinci, neman aure yake, kuma duk wanda ya matso kusa da kai kishiya ce a idonsa.

Mu da kanmu muke hura wutar. Fitilar da ke kwana a kunne tana tsawaita masa yini. Gyaɗar da ake cika masa tana nuna masa lokacin yalwa ya yi. Shafa bayansa da ƙarƙashin fikafikansa kuwa, a wajen tsuntsaye, wasan ma'aurata ne.

Ga abin yi. A ba shi duhu da shiru na awa 10 zuwa 12 kowane dare. A rage gyaɗa, a ƙara ganye da ƴaƴan itace. A tsaya ga shafa kai da wuya. A kau da kwali da tukunya da duk wani lungu mai duhu. Duka kuwa tsoro kaɗai yake ƙara masa.

Mace takan yi ƙwai ko babu namiji. Kada a kwashe su nan take, don sai ta sake yin wasu, alhali kowane ɓawo yana cin sinadarin kalsiyom na ƙasusuwanta. In aka gan ta a ƙasan keji tana nishi, wataƙila ƙwai ne ya maƙale. A gaggauta zuwa wajen likitan dabbobi, don rai ne a ciki.

Ƴan kasuwa kuma su lura: a taron CITES na birnin Johannesburg a 2016 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, hanin ya fara aiki a 2017. Mai tsallako iyaka da shi yana iya gamuwa da ma'aikatan duwan.

Aku yana iya kaiwa shekara 40 ko fiye a hannun mutum, amana ce mai tsawo. Ko da ya iya sallama da Hausa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.